Fyaɗe a Jihar Kebbi: Babu Shi Ne, Ko Ba a Faɗa Ne?

Kwanakin baya an gayyace mu mu yi koyarwa a taron Zumuntar Mata na wata ikkilisiya a cikin Birnin Kebbi, a kan tarbiyyar 'ya'ya mata. Cikin shirin da muke yi sai muka ci karo da wani adadi da ya faranta mana rai. A babban binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, an tambayi mata ko an taɓa tilasta musu kwanciya ko wani aikin lalata ba da son ransu ba. A duk jihohin Nijeriya, Jihar Kebbi ce ta fi ƙarancin matan da suka amsa da i. Ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba.

Muka tsaya gaban iyayenmu mata muka karanta musu wannan adadi, muna ganin albishir muka kawo. Ba wadda ta tafa. Can sai wata dattijuwa da ke zaune a bencin gaba ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Malam, su wa suka tambaya? In da ni baƙuwa ta zo ta tambaya a tsakar gidana, uwar mijina tana zaune a bakin ɗaki, ni ma a'a zan ce mata." Sai ɗakin ya ɗauki gunaguni. Da aka tashi kuwa, kafin mu kai bakin ƙofa, mata biyu suka tare mu, ɗaya bayan ɗaya, kowace da labarin wata yarinya da ta sani, kowace kuma tana roƙo kada maganar ta fita.

Tun daga ranar tambayar dattijuwar nan ba ta bar mu mun huta ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta gaban masu karatu, mu duba tare.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Binciken na 2018 ya nuna cewa a ƙasa baki ɗaya, kashi 9 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun ce an taɓa yi musu irin wannan cin zarafi. A binciken 2013 kashi 7 ne. In aka raba shiyya-shiyya, Arewa maso Gabas ta fi kowa da kashi 16, mu kuwa Arewa maso Yamma kashi 5. In aka raba jiha-jiha, Gombe ce a sama da kashi 45, Kebbi kuma a can ƙasa.

To, mai karatu, tsaya ka yi tunani. Gombe da Kebbi duk Arewa ne. Noma muke yi, noma suke yi. Akwai Musulmi da Kirista a can, akwai su a nan. Yaya za a ce a can kusan rabin mata abin ya shafa, a nan kuwa ko ɗaya cikin ɗari babu? Ana iya samun bambanci tsakanin wuri da wuri, wannan gaskiya ne. Amma bambanci mai girma haka ya fi ƙarfin a ce halin maza ne kaɗai ya kawo shi.

Ga kuma wani bincike dabam. A 2014 ita dai Hukumar Ƙidaya, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun yi bincike musamman a kan yara da matasa. Suka gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka sami wani taimako a cikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

A duniya ma haka abin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa wajen mace ɗaya cikin uku, kimanin mata miliyan 736, ta taɓa shan duka ko tilas daga miji ko saurayi, ko kuwa fyaɗe daga wani namiji dabam. A 2024 UNICEF ta ce mata da 'yan mata fiye da miliyan 370, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an taɓa su da lalata tun ba su kai shekara 18 ba, miliyan 79 daga cikinsu kuma a Afirka kudu da Sahara suke. Ashe ke nan abin da ya game duniya, ya game Afirka, ya game Nijeriya, shi ne za a ce ya zo bakin iyakar Kebbi ya juya?

DALILIN DA YA SA BA A FAƊA

Masunta na Argungu sun san cewa abin da homa ta kamo a Matan Fada ba shi ne iyakar kifin da ke cikin ruwa ba. Haka ƙidaya take. Abin da aka faɗa take rubutawa, ba abin da ya faru ba.

Ga yadda ake yin ta. Ma'aikaciya takan shiga gida ta zaɓi mace ɗaya tak ta yi mata waɗannan tambayoyi. Ƙa'ida ta ce sai an keɓe, in ba a sami keɓewa ba a bar tambayar. Ƙa'idar tana da kyau. Amma duk wanda ya san gidajenmu ya san zana ba ta tare magana, ya kuma san cewa da baƙuwa ta fita za a tambayi matar, "Me ta ce miki? Me kika ce mata?" Bugu da ƙari, matan da aka yi wa wannan sashe na tambayoyi a ƙasa duka dubu goma ne da 'yan kai. In aka raba su ga jihohi 36 da Abuja, kowace jiha 'yan ɗaruruwa ne rabonta.

Binciken da kansa ya ba da shaidar wannan shiru. A cikin matan da suka yarda cewa an doke su ko an tilasta musu, kashi 55 cikin 100 ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Kashi 32 ne kawai suka nema, su ma yawancinsu wurin danginsu suka je, ba wurin hukuma ba.

Me ke rufe bakin mace? Na fari, kunya da tsoron rasa miji. Uwa ta san cewa in aka ji an lalata 'yarta, samari za su janye, har ƙannenta mata ma tabon zai shafa. Na biyu, tsoron a ɗora mata laifi. Sau nawa muka ji an ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari"? Me ya kai ta can? Wane irin tufa ta sa? Wannan karin magana ba wurinta ba ne nan. Yarinya 'yar shekara bakwai da aka aika sayo ashana, wane wari ta yi? Na uku, mai laifin yawanci ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko kawu, ko mai shago, ko malami, ko maigidan da take yi wa aiki, wanda in ta tona shi abincin gidansu zai yanke. Na huɗu kuma, akwai matan da ba su ma ɗauki abin da aka yi musu a matsayin laifi ba. A cikin matan da suka taɓa aure waɗanda suka ce an tilasta musu, kusan biyu cikin uku mijin da suke tare da shi suka ambata. Har wa yau binciken ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar nan suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa saboda wani dalili, cikin dalilan kuwa har da ƙin kwanciya da shi. Macen da aka raine ta a kan wannan, in aka tambaye ta ko an taɓa tilasta mata, me za ta ce?

ABIN DA YA ƘI ƁOYUWA

Wani lokaci murfin yakan buɗe, a ga kaɗan daga abin da ke ciki. A 2020, lokacin da aka kulle mutane a gida saboda annobar korona, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce an kai musu ƙarar fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa kuwa ta ce ƙorafin fyaɗe 11,200 ta karɓa a wannan shekara. A watan Yuni gwamnonin jihohi 36 suka taru suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe.

A cikin watan ne 'yan sandan Kano suka kama wani mutum a garin Kwanar Ɗangora, wanda aka zarga da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, yana haura katanga da dare. Jama'a, ku lura da wannan: mata 40 a ƙaramin gari ɗaya. Da ta fari ta sami inda za ta kai kuka a saurare ta, da wataƙila ba a kai ga ta goma ba.

Kada kuma mu ce abin na wasu ne. A watan Mayu na 2020 aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Benin mai shekara 22 fyaɗe da mummunan duka a cikin majami'a, inda ta saba zuwa karatu don wurin ba hayaniya. Bayan 'yan kwanaki ta rasu a asibiti. A cikin ɗakin sujada aka yi wannan.

Nan gida ma muna da namu tabon. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai masu yawa. 'Yan mata 11 daga cikinsu suka yi kusan shekara biyu a daji. Da aka sako su a 2023, wasunsu da goyo suka dawo. Yara ne da iyayensu suka tura neman ilimi. Waɗannan duniya ta ji labarinsu domin 'yan makaranta ne. Matan ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da sauran wuraren da 'yan bindiga suka addaba, waɗanda aka ɗauka aka biya fansa suka dawo suka yi shiru, wa ya ƙidaya su?

Ban da daji, mu dubi inda muke aika 'ya'yanmu kullum. Ga 'yar talla da ke yawo tashar mota da gindin gine-ginen da ba a ƙarasa ba har bayan magariba. Ga 'yan matan da ke zuwa ƙodago gonakin shinkafa a fadamar Rima, ko neman itace nesa da gari. Ga yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, daga ƙasar Zuru ko Yauri, aka kawo ta Birnin Kebbi aikin gida da alkawarin za a sa ta makaranta, tana kwana a falo ko ɗakin girki, ba ta da kowa a gari. Ga kuma namu na ikkilisiya: koyon waƙa da ake tashi da dare, kwanan addu'a, da taron matasa inda ake barin yara a hannun mutum ɗaya don an yarda da shi.

LAIFINMU A CIKI

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu da muke hidima a ikkilisiya mun san yadda irin wannan magana takan ƙare. Uwa ta zo da dare tana kuka. A kira dattawa. A kira iyayen yaron, ko shi mutumin da kansa. Ya durƙusa ya ce sharrin Shaiɗan ne. A sa ya biya kuɗin magani, a ɗora masa horo na 'yan watanni, a ce wa iyayen yarinya su yi haƙuri su yafe, kada sunan ikkilisiya ya ɓaci a gaban maƙwabta. In ciki ya fito, sau da yawa ita ake mayarwa bencin baya, ita ake cirewa daga ƙungiyar mawaƙa, ita ce makarantarta ke tsayawa. Wani lokaci har a ba da shawara a aura masa ita don a rufa asiri. Shi kuwa, da horonsa ya cika, sai ya koma kujerarsa.

Ba mu tsame kanmu ba. Mun taɓa zama a irin wannan zaure, muka ji hukuncin bai kwanta mana ba, amma muka yi shiru don muna ƙanana a cikin dattawa. Har yau fuskar yarinyar nan, tana zaune a ƙasa ba wanda ya tambaye ta abin da take so, ba ta fita daga ranmu ba.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana wannan rufin asiri ba. A littafin Sama'ila na biyu, sura 13, an ba da labarin Tamar 'yar sarki Dawuda, wadda ɗan ubanta Amnon ya yaudare ta da ciwon ƙarya ya yi mata fyaɗe. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru don abin na gida ne. Dawuda ya ji ya husata, amma bai hukunta ɗansa ba. Tamar ta zauna a gidan wanta cikin baƙin ciki. Shin shirun ya kawo salama? Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga nan gidan Dawuda bai sake zama lafiya ba. A Kubawar Shari'a sura 22 kuma an nuna sarai cewa budurwar da aka fi ƙarfinta a saura ba ta da laifin kome, an ma kwatanta abin da aka yi mata da kisan kai. Idan haka ne, yaya za mu ɗauki abin da aka kwatanta da kisa mu kashe shi da kuɗin magani?

Gafara gaskiya ce, muna kuma wa'azinta. Amma gafara ba a karɓarta da tilas daga bakin yarinyar da ko ciwonta bai warke ba, ba ta kuma hana hukuma yin aikinta. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai taɓa, watakila 'yar wanda ya rufa masa.

ABIN DA DOKA TA TANADA

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Ta tanadi hukuncin da zai iya kai ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ba ya kuma gaza shekara 12. In taron dangi aka yi, kowannensu ba ya gaza shekara 20. Ta ce a buɗe rajistar sunayen waɗanda aka samu da laifin, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane kuma ta buɗe ta a 2019. Wannan doka a Abuja kaɗai take aiki sai in jiha ta kafa tata. A 2020 Jihar Kaduna ta yi gyaran doka ta sa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. A nan Kebbi, Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a tamu dokar a 2022, tare da dokar kare yara. Doka dai akwai ta. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an kai mata ƙara.

IN ABIN YA FARU

Ga abin da ya kamata kowace uwa, kowane fasto, kowane dattijo da malamin makarantar Lahadi ya riƙe.

Da fari, a yarda da ita. Kada a daka mata tsawa, kada a tara mata mutane. A gaya mata ba laifinta ba ne.

Na biyu, asibiti kafin zaure. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma sai an fara shansa cikin awa 72, wato kwana uku, ana kuma shansa kwana 28. Akwai maganin sauran cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta, da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa wanda ke aiki cikin kwana biyar, likita zai yi bayaninsa. Kwana ukun nan su ne muke cinyewa muna jiran dattawa su hallara. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya, a Argungu akwai babban asibiti. A Sakkwato kuma an buɗe cibiyar Nana Khadija a 2020, musamman domin waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Na uku, in da hali kada ta yi wanka, kada a wanke tufafin da ke jikinta kafin likita ya duba ta. A naɗe su a takarda, ba a leda ba, domin shaida ne. In kuwa ta riga ta yi wanka, ko kwanaki sun wuce, duk da haka a kai ta.

Na huɗu, a kai rahoto ga 'yan sanda, kada kuma a bar iyaye su tafi su kaɗai. Ma'aikatar Harkokin Mata, da Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, duk aikinsu ne su taimaka. Talaka yakan janye ƙara don kuɗin mota da zaryar kotu sun gajiyar da shi. A nan ne baikon ikkilisiya zai yi amfani.

Na biyar, a sauke wanda ake zargi daga duk wata hidima da ta haɗa shi da yara ko mata har a gama bincike, kome girmansa. Ita kuwa a bar ta a makarantarta da kujerarta.

Muna kuma roƙon kowace Zumuntar Mata ta zaɓi dattijai biyu masu riƙon amana, a sanar da sunayensu a gaban jama'a, domin kowace yarinya ta san ƙofar da za ta buga. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, an ce, amma maganinsa yana wuyan mu duka. Iyaye maza kuma su zauna da 'ya'yansu maza su koya musu cewa a'a ɗin mace a'a ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma wannan ciwo yana damunsu kamar yadda yake damunmu, sai mu haɗa kai da limamai da masu unguwanni, gama mai fyaɗe ba ya tambayar addinin yarinya.

Za a sake yin ƙidaya, za a sake shiga gidajenmu da tambaya. In wata rana muka ga adadin Kebbi ya tashi, kada mu yi saurin cewa gari ya lalace. Mai yiwuwa alama ce cewa 'ya'yanmu sun fara samun wanda zai saurare su. Sai an san girman ciwo ake sanin yawan maganin da za a nema.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da ƙarfin halin tsayawa a kan gaskiya. Amin.